Rahoton Ayyukan Shekara na Kwamitin Tarihi: Yawonmu a Gidajen Tarihin Winnipeg

Assalamu alaikum, iyaye, yayye da ƙanne, membobin ƙungiya.

A babban taron bara ne kuka ɗora wa wannan kwamiti aiki guda: mu san garin da muke zaune a cikinsa, mu kuma sanar da yaranmu. Dalilin da dattawa suka bayar shi ne, da yawa daga cikinmu sun shekara da shekaru a Winnipeg ta ƙasar Kanada, amma daga gida sai wurin aiki sai masallaci. Ga bayanin abin da muka yi. Lissafin kuɗi yana hannun ma'aji, zai karanta shi dabam.

Babbar fitarmu ita ce ta Gidan Tarihin Manitoba da ke titin Rupert, wanda aka buɗe a 1970. Mun sa ta a tsakiyar hunturu da gangan, lokacin da yara suka gaji da zaman ɗaki. Da shigarka, abin da zai tare ka shi ne siffar mafarauci ɗan ƙabilar Metis a kan doki yana bin garken ɓauna. Su Metis jikokin auratayya ne tsakanin Turawa 'yan kasuwar fata da matan 'yan asalin ƙasa, kuma naman ɓauna busasshe da suke haɗawa da kitse shi ne guzurin fataken wancan zamani. Kafin ƙarshen ƙarni na 19 an kusa ƙarar da ɓaunar nan daga filayen ciyawa baki ɗaya.

Yara dai jirgin ruwan Nonsuch ne ya tafi da hankalinsu. Kwafi ne da aka ƙera a Ingila a 1968, na jirgin da ya zo neman fata a 1668, tafiyar da ta haifar da Kamfanin Hudson's Bay a 1670. Jirgin bai kai mita 20 ba, har wani daga cikin iyayenmu ya ce shi ko da kuɗi ba zai tsallaka teku a cikinsa ba. Manya kuwa sun fi daɗewa a ɓangaren da aka gina titunan Winnipeg na 1920, da shagunansa da ɗan gidan sinima. Nan ne mutum yake ganin yadda garin ya tashi farat ɗaya: an ba shi matsayin birni a 1873, layin dogo na Canadian Pacific ya iso a 1881, alkama ta fara kwarara, zuwa 1911 mutanensa sun haura 136,000, ya zama birni na uku a girma a Kanada. Buɗe mashigin ruwan Panama a 1914 ya rage kayan da ke bi ta layin dogo, kasuwa ta ja baya. Tsofaffin rumbunan ajiya na unguwar Exchange da muke wucewa kullum, ragowar wancan arziki ne.

A wannan ɓangare muka yi doguwar hira kan yajin aikin 1919. Ma'aikata sama da 30,000 suka ajiye aiki daga 15 ga Mayu har makonni shida, suna neman ƙarin albashi da 'yancin yin ciniki da masu kamfani a ƙungiyance. Ranar Asabar 21 ga Yuni 'yan sanda a kan dawaki suka far wa taro a titin Main, mutum biyu suka rasa rayukansu. Membobinmu masu aikin masana'anta da tuƙin manyan motoci sun fi kowa tambayoyi. Mun kuma ja hankalin matasa kan cewa a garin nan ne baƙaƙen fata masu hidima a taragon kwana na jirgin ƙasa suka kafa ƙungiyar ƙwadagonsu a 1917, saboda ƙungiyar Turawa ta ƙi karɓarsu. Baƙar fata a Winnipeg ba da zuwanmu ya fara ba.

Da damina ta kankama muka tsallaka Jan Kogi (Red River) zuwa unguwar Saint-Boniface. Mun tsaya a gaban tsohon gidan mata masu zaman zuhudu da aka fara ginawa a 1846, gini mafi tsufa a birnin, sannan muka je kabarin Louis Riel a harabar babbar majami'ar da ta ƙone a 1968, wadda fuskarta ta dutse take nan tsaye. Riel ne ya jagoranci Metis suka tsaya kan haƙƙinsu lokacin da kamfanin fata ya miƙa ƙasar ga Kanada kan fam 300,000 ba tare da shawartar mazaunanta ba. Tsayuwarsa ce ta haifar da lardin Manitoba a 1870, amma ƙarshensa rataya aka yi masa a Regina a 1885.

A nan wani malami cikinmu ya kawo abin da ya ba kowa mamaki. Sojan da aka turo da runduna zuwa Jan Kogi a 1870 don kawo ƙarshen tsayuwar Riel, Garnet Wolseley, shi ne ya jagoranci yaƙin da Ingila ta yi da Asante a ƙasar Gana ta yau a 1873 zuwa 1874, yaƙin da aka yi amfani da sojojin Hausawa a cikinsa. Unguwar Wolseley da wasunmu ke haya a ciki sunansa ta ci. Ya kuma tuna mana cewa mu ma kamfani mai takardar izinin sarauniya, wato Royal Niger, shi ya share wa Turawa hanya kafin 1900. Membobinmu 'yan zangon Kumasi sun nemi a ware wa wannan batu zama na musamman, kuma kwamiti ya amince.

Fitar Lower Fort Garry, tsohon sansanin Kamfanin Hudson's Bay inda aka sa hannu a Yarjejeniya ta Ɗaya da 'yan asalin ƙasa ranar 3 ga Agusta 1871, ba ta samu jama'a ba. Ta faɗo ranar wani biki, kuma motocin da aka yi alkawari ba duka suka zo ba. Gidan Dalnavert na 1895, tsohon gidan zama da aka mayar gidan tarihi, mun ɗage shi zuwa baɗi.

Zaman da a ganina ya fi kowanne amfani a ɗakin taronmu aka yi shi, kan ruwa. Mun bi labarin ambaliyar 1950 da ta raba mutum kusan 100,000 da gidajensu, da babban magudanar da aka kammala a 1968 don karkatar da kogi daga birni. Daga nan muka koma kan ruwan famfon da muke sha muke alwala da shi. Tun 1919 ake jawo shi daga tafkin Shoal, nisan kimanin kilomita 150. Aikin jawo shi ya mayar da ƙauyen 'yan asalin ƙasa na Shoal Lake 40 tsibiri, babu hanyar mota sai a 2019, kuma daga 1997 zuwa 2021 su kansu sai sun tafasa ruwa kafin su sha. Iyaye mata ne suka ce dole a maimaita wa yara wannan darasi kowace shekara.

Abin da kwamiti ya lura da shi a duk inda muka shiga shi ne, wanda ya ajiye kaya da takarda shi ake nunawa. Akwatin mutumin Ukraine da ya zo noma yana nan, kayan aikin Metis suna nan, domin jikoki sun adana. Saboda haka muka fara tattara namu: hotunan Sallar farko a garin nan, takardun taron farko na ƙungiya, babbar riga ko zanen da mutum ya sauka da shi, da muryoyin dattawan da suka riga mu zuwa. Aikin yana tafiyar hawainiya. Wasu suna jin nauyin a ɗauki muryarsu, wasu kuma hotunansu duk suna cikin wayoyin da suka lalace. Mun tanadi takardar izini, kuma ba za a fitar da komai ba sai da yardar mai shi.

A shekara mai zuwa muna neman amincewarku kan ziyarar Dalnavert da sake komawa Lower Fort Garry, da ɗan kuɗin sayen na'urar ɗaukar murya da akwatunan ajiya. Muna kuma buƙatar matasa masu iya rubuta Hausa da Turanci su zauna da dattawa. Mai sha'awa ya ba sakatare sunansa bayan taro, wanda kuma yake da hoto ko takarda ya zo da ita zaman wata mai zuwa, za a ɗauki kwafi a mayar masa da abinsa a ranar.

Allah Ya saka wa duk wanda ya ba da mota, abinci ko lokacinsa da alheri.

Sakataren Kwamitin Tarihi