Wace gasa kuke cewa ta buɗe a Saudiyya?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Tun daren Asabar nake cin tuwo da maganar da baƙonku ya yi a shirin wasanni, har yau ba ta wuce mini ba. Wai tunda kuɗi ya shigo, gasar ƙwallon Saudiyya ta buɗe, kowace ƙungiya tana iya ɗaukar kofi. Shi kuma mai gabatarwa sai ya ce masa "ƙwarai kuwa", ko tambaya ɗaya bai yi masa ba. Ni ganau ne ba jiyau ba. Shekara ashirin da huɗu ina ɗinki a Sharar Mansur a nan Makka, kuma tun zuwana Al-Wahda, ƙungiyar garin Makka, nake goyon baya, don haka ku bar ni in faɗi abin da ke raina.

Hujjar baƙon naku ita ce Ittihad ta ci a 2023, Hilal ta karɓe a 2024, Ittihad ta sake karɓewa a 2025, wai ga shi kofi yana yawo. Yawo daga ina zuwa ina? Daga aljihun dama zuwa na hagu na riga ɗaya. Ai a watan Yuni na 2023 asusun zuba jari na gwamnati, PIF, ya karɓi kashi 75 cikin ɗari na Hilal da Nassr da Ittihad da Ahli a rana guda. Benzema da Kante suka sauka Ittihad, Mahrez da Firmino suka tafi Ahli, Mane ya je ya tarar da Ronaldo a Nassr, Hilal ta kwaso Neymar da Mitrovic da Bono. Hilal ta gama kakar nan ba a doke ta ko sau ɗaya ba, maki 96, ta ba Nassr da ke biye da ita tazarar maki 14. In mai bi mata ke nan, ina ga mu da ke can ƙasan tebur?

Ya kuma kawo labarin Ahli, yana ta zaƙewa, wai ta faɗa rukuni na biyu a 2022, ta dawo, har ta ci kofin zakarun Asiya a 2025, wai wannan shi ne "faɗuwa da tashi". Malam, faɗuwar babba daban, ta ƙarami daban. Ahli kan katifa ta faɗi. Tana dawowa aka shimfiɗa mata kuɗi, a kakar farko ta zo ta uku. Mu Wahda muka faɗi a 2025 tare da Raed da Orobah, ban ji wanda ya zo yi mana jaje da jakar riyal ba. Ko Ƙadisiyya da ta hau sama daga hawowarta ta kutsa cikin manya, ai kamfanin Aramco ne a bayanta. Wannan bai faɗa muku ba.

Ku tambaye shi yaushe rabon da wata ƙungiya a wajen huɗun nan ta ɗaga kofin lig. Ni zan ba shi amsa: 2013, Al-Fatah ta Ahsa. Ina tuna daren nan kamar jiya. Muna zaune a shagona ni da maƙwabcina Bayamane mai sayar da turare, talabijin ƙarama a kan tulin yadi, shayi ya huce a kofi ba wanda ya kula. Babu ɗan Fatah ko ɗaya a cikinmu, amma muka tashi muna tafi, domin ƙaramin kulob ya tsallake Hilal, kuma zuciyata ta ce mini wata rana mu ma za mu yi. Daga 2014 zuwa 2025 kuwa, duba jerin da kanka: Nassr, Ahli, Hilal, Ittihad, babu na biyar. Na yarda cutar ta riga PIF zuwa. Amma da can ƙofa a sakaye take, yanzu an sa mata kwaɗo.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yarona na biyu. Tun yana shekara shida nake ɗaukarsa zuwa filin Sarki Abdul'aziz da ke Shara'i. Ni na ɗinka masa ƙaramar tuta ja da fari da ragowar ƙyalle, har da geza a bakinta. Ranar da muka je kallon wasanmu da Hilal, a gidanmu fa, a Makka, shuɗi ya fi ja yawa a kujeru. Yaro ya duba hagu ya duba dama, ya naɗe tutar ya cusa ta cikin aljihun jallabiya. A mota ya ce, "Baba, mu me ya sa ba ma cin komai?" Na ce masa mu ne muka fara ɗaukar Kofin Sarki a 1957, muka ƙara a 1966. Ya ce lokacin ko Kaka ya zo Makka? Wallahi na rasa amsa. Yanzu rigar Nassr mai lamba bakwai yake sawa, kuɗin sallarsa ya tara ya saya, ni kuwa ban hana shi ba, don yaro ba ya son wanda kullum ake duka.

Kuma Wahdar nan da ake rainawa ita ce gonar da manya ke girbi. Usama Hawsawi, ɗan Makka, wanda sunansa kaɗai ya isa ya gaya muku asalinsa, a Wahda ya taso. Hilal ta ɗauke shi a 2008, ya ci lig da Ahli a 2016, ya riƙe kambun kyaftin na Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018. Nasir Al-Shamrani ma daga wurinmu ya fita. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Amma ko wannan hanyar tana toshewa, tunda an ba kowane kulob damar ɗaukar 'yan waje takwas, aka ƙara zuwa goma. Yaran unguwarmu da ke buga ƙwallo a lungu bayan la'asar, ta wace ƙofa za su shiga? Mun ji daɗi da Ighalo ya zo mana a 2023, ya yi abin da zai iya, Allah ya saka masa, amma mutum ɗaya ba ya tare guguwa da tafin hannu.

Ina roƙonku, in za ku sake taɓo ƙwallon ƙasar nan, ku kira wanda ke zuwa fili da ƙafarsa, ko a Makka ko a Abha ko a Buraida, ba wanda ya ga guntun bidiyon Ronaldo a waya ba.

Tunda na ɗauki alƙalami, bari in ƙara wannan. A shirinku na safe kwanaki, wata ma'aikaciyarku ta yi ta maimaita "'yan Takari" tana dariya, kamar duk Bahaushen da ke ƙasar nan ɓoye yake yana gudun askar, wato jami'an tsaro. Akwai waɗanda kakanninsu suka zo da ƙafa ta Sudan kafin a haifi iyayenta, akwai mu masu iƙama, wato takardar izinin zama, da sana'a a hannu, muna aika wa gida kowane wata. Ku ja mata kunne. Sau uku kuma ina turo saƙon murya a kan wannan, ba ku sa ko ɗaya ba.

Naku mai sauraro,
Tela daga Sharar Mansur, Makka