Wasiƙa Zuwa ga Ɗana Kafin Tafiyarsa Kitamaat

Ɗana,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, ya karatu, ya sanyin Kanada? Mutanen gida duk lafiya lau. Na samu saƙonka cewa za ku ziyarci Kitamaat, ƙauyen al'ummar Haisla da ke bakin mashigin ruwan Douglas a lardin Biritish Kolombiya. Na amince, Allah ya kai ku lafiya. Sai dai ina so ka shiga garin a matsayin baƙon masu gida, kada ka bi sahun 'yan kallo masu ɗaga waya kafin sallama.

Akwai dalilin da ya sa mutanen nan suke kaffa-kaffa da kayansu. A 1872 wani basarakensu, G'psgolox, ya sa aka sassaƙa masa dogon ginshiƙi na itace bayan agana ta kashe masa iyali. A 1929 aka sare shi yayin da mutanen wurin ba sa nan, aka kai shi gidan tarihi a Stockholm ta ƙasar Suwidin. Sai a 2006 ya dawo, bayan doguwar tattaunawa, kuma sai da suka sassaƙa wa mutanen Suwidin wani madadinsa. Daga baya suka mayar da na asalin kusa da inda ya fara tsayawa, suka bar shi ya ruɓe a ƙasarsa, don haka al'adarsu ta tanada. Wanda aka yi wa haka, in ya ce kada ka ɗauki hoto, ajiye wayarka kawai. Kuma na san bakinka: kada in ji ka kira irin waɗannan ginshiƙai gumaka. Ba bauta musu ake yi ba, tarihin zuriya ne da tunawa da mamata.

Daga 1885 zuwa 1951 dokar Kanada ta haramta musu babban bikin da ake naɗa sarauta, a raɗa suna, a raba dukiya gaban shaidu. An kuma kwashi yaransu zuwa makarantun kwana inda ake hukunta yaro don ya yi harshen uwarsa, shi ya sa masu jin harshen sosai yau tsiraru ne, yawancinsu tsofaffi. Wasu dattawan da za ka gaisar sun zauna a makarantun nan. In sun ɗauko zancen da kansu, ka kasa kunne. In ba su ɗauko ba, kada ka tono.

Mai yiwuwa a sa maka man wani ƙaramin kifi da ake kira ulikan. Shi ne kifin da ke fara hawowa koguna a ƙarshen hunturu, lokacin da abincin ajiya ya yi ƙasa. Tara shi ake yi ya kwana da yawa har ya ɗauki wari, sannan a dafa, a kwashe man da ya taso sama. Warin zai buge ka, amma ɗan gidan da ake kaɗa miya da daddawa ba shi da bakin yatsine fuska. Kifi ne, halal ne, ka yi bismilla ka ɗanɗana. Ka kuma san darajarsa: bayan an kafa garin masana'antu na Kitimat a shekarun 1950, dagwalon kamfanin takarda da ya zo daga baya ya ɓata kifin kogin da ke kusa da su, har sai sun yi nisa kafin su samo shi.

Su ta wajen uwa ake gadon dangi, akwai dangin Gaggafa, akwai na Hankaka da sauransu. Ba irin namu ba ne, kada ka tsaya musu a kai.

Ƙasar ruwan sama ce, ka tafi da rigar ruwa da takalmi mai kauri, ka kuma duba lokutan sallar can kafin ku tashi. Mahaifiyarka ta ce ka ɗebi dabino cikin wanda ta aiko maka, ka kai wa dattawan gidan da za su sauke ku.

Mahaifinka