Wasiƙar Shugabar Makaranta: Batun Ɗakin Wasanni da Wayar da Ake Bar wa Yara

Assalamu alaikum iyayenmu da masu riƙon yaranmu, barkanmu da war haka.

Wasiƙar wannan karon kusan duk a kan abu ɗaya take, wato wasannin da muka fara a ƙaramin ɗakin nan na kusa da ofis tun farkon zango. Magana ta iso mini ta fuska biyu. Wasu sun ce ba su kawo yaro makaranta don ya yi ta danne-danne ba. Wasu kuma, su ne suka fi damuna, da suka ji malamai na aiki da kwamfutar hannu sai suka koma gida suka danƙa wa yaro waya tun la'asar har barci ya sace shi, wai darasi ne yake ci gaba. Kuma cikin masu maganar nan babu wanda ya taɓa leƙo ɗakin.

To ga abin da ke ciki. Kwamfutar hannu ce a jingine kan tebur, an maƙala mata ɗan madubi a saman kyamara don ta riƙa ganin abin da ke gabanta. Yaro ba ya taɓa gilashinta ko kaɗan. Guntayen katako yake ɗauka, mai kusurwa uku da mai huɗu, ya jujjuya, ya jera har su ba da siffar da allo ya nuna. In ya dace, sai hoton ya motsa. Wani kayan wasan yara mai suna Osmo ne ya yi suna da wannan dabara. Na biyun kyamara ce mai bin motsin jiki, irin Kinect da Microsoft ta fitar a 2010 don nishaɗin gida, daga baya likitocin gashin ƙashi da malamai suka ga amfaninta. Yaro zai tsaya kan shimfiɗa, ya miƙa hannu, ya duƙa, ya daka tsalle kan lambar da aka kira, sannan ya koma gefe ya jira abokinsa ya yi nasa.

Yaro mai larurar otizim, wadda wasu ke kira galahanga, yakan sami natsuwa da abin da ba ya sauya masa. Allo ba ya gajiya, ba ya ɗaure fuska, amsar da ya bayar jiya ita zai bayar gobe. Shi ya sa yake jan su, shi ya sa kuma in an bar yaro da shi shi kaɗai sai ya shige ciki ya manta da kowa. Katakon nan da shimfiɗar, da mutumin da ke zaune kusa, su ke fito da shi.

Makon jiya na tsaya bakin ƙofa ina kallo. Wani yaronmu da har yanzu bai fara haɗa kalmomi ba ya sa guntun ƙarshe, tsuntsu ya tashi a allo. Sai ya waiwaya ya dubi malamarsa, ya nuna da yatsa, ya sake dubanta. Bai fi daƙiƙa biyu ba. Amma wannan waiwayen, kamar yana cewa "kin gani?", a kansa magana ke ginuwa, kuma mun fi shekara muna nemansa. Ita malamar, ta ajin ƙanana, kun san ta. Ita ce ta lura cewa ƙarar wasan ce ke sa wasu toshe kunne, ta rage sauti da hasken allo, ta kuma kawo agogon yashi don yaro ya ga lokaci na ƙarewa da idonsa, kada a fizge masa abu ba zato. Ba wanda ya sa ta. Allah ya saka mata da alheri. Malamin motsa jiki ma ya yi ƙoƙari da yaranmu masu larurar Dawun (Down syndrome, wadda ake haifar yaro da ita, take jinkirta masa girma da koyo) wajen tsayuwa da ƙafa ɗaya.

Minti 15 muke yi, sau 2 a mako. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 kada a zaunar da ɗan ƙasa da shekara 2 gaban allo, 'yan 2 zuwa 4 kuma kada su wuce awa 1 a rana. 'Yan 5 zuwa 17 tana so su sami aƙalla minti 60 na motsa jiki kullum. Yaron da ya zo mana ido jawur yana gyangyaɗi tun darasin farko, ba sai an gaya mana inda ya kwana ba.

Don Allah ku yi hattara da tallan manhajojin da ke cewa suna warkar da otizim. Babu wasan da ke yin haka. Ko EndeavorRx, wasan da hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2020 don yara 'yan 8 zuwa 12 masu larurar rashin natsuwa, da takardar likita aka amince a ba da shi, kuma tare da sauran kulawa.

Ranar Asabar mai zuwa, ƙarfe 10 na safe, za mu buɗe ɗakin. Ku zo ku zauna kan shimfiɗar ku gwada da hannunku, mu nuna muku yadda za ku yi irinsa a gida da katunan hoto da murafen kwalba. Iyaye maza, da ku nake: a taron da ya wuce kujerunku sun sha iska.

Rigar wasanni ranar Talata da Alhamis. A rubuta sunan yaro jikin jakarsa. Masu makara wajen ɗaukar yara, malamai ma suna da nasu 'ya'yan a gida. Shirin Ranar Otizim ta Duniya, 2 ga Afrilu, za ku ji shi a wasiƙa ta gaba.

Na gode, Allah ya raya mana su.

Shugabar Makaranta