Kafin a yi wa yaron da ya faɗi jarrabawa faɗa, a karanta takardar sakamakonsa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridar nan tamu in yi magana da iyaye 'yan'uwana, da kuma 'ya'yanmu da sakamakon WAEC ko NECO bai fito musu yadda suka so ba. Ni malamin Lissafi ne a wata sakandaren gwamnati a nan Funtuwa. Da yamma kuma ina zama a ɗan shagona na kwamfuta, inda ake buga takardu, ake kuma duba sakamakon jarrabawa. Don haka yaran nan ina ganinsu a aji, ina kuma ganin fuskokinsu a lokacin da sakamako ya bayyana a allon kwamfuta.

Abin da na lura da shi shi ne, yawancin iyaye tambaya ɗaya suke zuwa da ita: "Ya ci ko bai ci ba?" Da zarar an ce kiredit bai cika ba, sai a naɗe takardar a cusa a aljihu, a tasa yaro a gaba zuwa gida ana yi masa gori. Ba mai tsayawa ya duba abin da ke rubuce. Alhali kuwa takardar tana da bayani. Maki tara ne, daga A1 zuwa F9. Daga A1 zuwa C6 kiredit ne, D7 da E8 an tsallake amma ba su isa shiga jami'a ba, F9 ce kaɗai faɗuwa ta ainihi. Abin da jami'o'i ke nema kiredit biyar ne, ciki har da Turanci, da kuma Lissafi a yawancin kwasa-kwasai. Yaran da ake cewa sun faɗi, da yawansu za ka tarar suna da kiredit shida ko bakwai, darasi ɗaya ne ya riƙe su, kuma kusan kullum ɗaya daga cikin biyun nan ne. Yaron da ya ci Turanci da Biology da Chemistry da Physics da Hausa da Islamiyya, ya samu D7 a Lissafi, ba daƙiƙi ba ne. Takarda ɗaya ce ta rage masa, kuma a kwasa-kwasai da dama ana karɓar sakamakon zama biyu a haɗe, sai dai irin su likitanci da wasu jami'o'i ke dagewa sai na zama ɗaya. Ba kuma sai ya jira shekara ta zagayo ba. NECO tana da jarrabawar masu zaman kansu a ƙarshen shekara, WAEC kuma tun 2018 sau biyu take yin tata, ɗaya a farkon shekara ɗaya a ƙarshenta. Ga NABTEB ta fannin sana'a da kasuwanci, ga NBAIS ta ɗaliban Arabiyya.

Akwai kuma dalilin da ya sa nake cewa a sassauta a kwanakin farko. A watan Agustan 2025 WAEC ta sanar cewa kashi 38.32 cikin ɗari ne kawai suka samu kiredit biyar da Turanci da Lissafi. Bayan 'yan kwanaki hukumar ta dawo ta ce an samu kuskure wajen gyaran wasu takardun canki-canka, adadin ya koma kashi 62.96. Yaran da aka zaga, aka hana abinci, aka kira asararru a tsakanin sanarwar nan biyu, wa ya koma ya ba su haƙuri? A shekarar dai, a watan Mayu, shugaban JAMB na lokacin, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito yana hawaye ya amsa cewa matsalar na'ura ta shafi ɗalibai 379,997, aka sake musu jarrabawa. Sai dai kada yaranmu su fake da wannan. Cibiyoyin da abin ya shafa a Legas suke da jihohin kudu maso gabas, ba a nan ba. Kuma ko da aka gyara na WAEC, fiye da kashi ɗaya cikin uku ba su tsallake ba. Wato akwai matsalar da ba ta na'ura ba ce, ita ce ta sa na ɗauki biro.

Wata rana wani dattijo, mai sayar da hatsi, ya zo shagon da 'yarsa. Na shigar da lambarta, sakamako ya fito. Bai ko kalli allon ba, ni yake kallo.

"Malam, ta ci?"

Na ce, "Alhaji, ta ci bakwai. Lissafi ne ya ba ta E8."

Ya ce, "To shi ke nan, an gama boko. Dama na faɗa wa uwarta."

Yarinyar ta ja hijabi ta rufe rabin fuskarta, ba ta ce uffan ba. Na roƙe shi ya bar ta ta kawo mini littattafanta washegari, ya yarda da ƙyar, albarkacin mun daɗe da sanin juna a masallaci. Da ta kawo, na ga littafin rubutu mai tsabta ƙwarai. Kowane misali da malaminsu ya yi a allo ta kwafe shi, ta ja layi da jan biro a ƙarƙashin amsa. Ta ce kullum daga bayan isha'i har sha biyun dare tana kansa. Na yarda, don gefen shafukan har sun yi baƙi saboda juyawa. Sai na rufe littafin, na ɗora hannu a kai, na rubuta mata tambaya irin ta shafi na uku, lambobi kawai na canza. Ta riƙe biro ta yi shiru, can ta ce, "Wallahi Malam na san shi. In na gani a littafi ina ganewa."

Wannan jimlar, Malam Edita, ita ce ciwon yaranmu. Gane abu idan yana gabanka daban, fito da shi daga ka idan an ɗauke shi daban, kuma a zauren jarrabawa na biyun ake tambaya. Yaro zai kwana yana bin shafi da ido, zuciyarsa na ce masa ya iya, don komai ya zama sananne a idonsa. Ranar jarrabawa sai ya ce kansa ya ɗauke, wani ma har a ce an yi masa asiri.

Abin mamaki, mu ne mutanen da bai kamata a koya wa wannan ba. Wane malamin allo ne zai yarda ka ce masa ka iya don ka kalli allonka? Kifa allon za ka yi ka biya. In ka yi tuntuɓe a gyara maka, ka koma ka sake, ba za ka wanke ba sai ka kawo shi babu gargada. Kuma ba a barin na baya, kullum ana tilawa, a Islamiyya ana muraja'a, don an san haddar da ba a waiwaya ta zubewa take yi. Yarinyar nan da kanta tana da izu goma a ka. Ta san hanyar sarai, ba wanda ya taɓa ce mata hanyar tana aiki a boko. Wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya wallafa bincikensa a 1885 inda ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'i da kwanakin farko bayan an koyi abu, kuma maimaitawa a rarrabe ta fi ta zama ɗaya riƙewa. Alarammominmu ba su jira shi ba.

Abin da na sa ta yi ba wani sirri ba ne. Ta karanta misali ɗaya, ta rufe, ta yi shi a farar takarda. In ta maƙale, ta yi alama a daidai layin da ta maƙale, sannan ta buɗe. Gobe kafin ta shiga sabo ta sake na jiya, ranar Juma'a ta sake na mako duka. Na ce ta ware wani ƙaramin littafi na kurakuranta kawai, ba na amsoshi masu kyau ba. Cikin ɗan lokaci littafin ya tona asirin: ba aljebra ba ce matsalarta, alamar ragi ce da kasafin ɓangare, abubuwan ƙaramar sakandare da aka wuce ba ta gane ba, ta ji kunyar tambaya. Muka koma can. Ba ta so ba, tana ganin raini ne a mayar da wadda ta gama aji shida aikin 'yan aji ɗaya. Ta zauna NECO ta ƙarshen shekara ta samu C6. Ba A1 ba ce, amma ita ake nema.

Ga mai sake zama, ya san yadda ake ba da maki. A Lissafi, ɓangaren da ake nuna aiki, hanya tana da makinta, amsa tana da nata. Wanda ya bi matakai daidai ya yi kuskure a layin ƙarshe zai kwashi mafi yawan makin. Wanda ya rubuta amsa tsirara, ko da daidai ce, zai iya tashi da kaɗan ko babu. Yaranmu da yawa suna barin tambaya fayau don ba su san ƙarshenta ba, alhali sun san farkonta. A Turanci kuma, insha'in da ake so kalmomi ne wajen 450, maki hamsin gare shi, ashirin daga ciki na iya sarrafa harshe ne, goma na ƙa'idojin rubutu, kuma kowane kuskuren harafi ko aya yana cin rabin maki har goman nan ta ƙare. Yaron da bai taɓa zama ya rubuta cikakkiyar wasiƙa da agogo a gabansa ba, ta yaya zai fara a ranar? A ɓangaren taƙaitawa, kwafo jimlar marubuci yadda take asarar maki ce, da kalmominka ake so. Duk wannan yana cikin rahoton manyan masu gyaran takardu da WAEC ke sakawa a shafinta na intanet kyauta, darasi bayan darasi, tana faɗin inda ɗalibai suka yi rauni. Ban cika ganin ɗalibin da ya taɓa buɗe shi ba, malamai ma kaɗan ne.

JAMB kuwa tsere ce da lokaci. Tambayoyi 180 cikin awa biyu, sittin na Turanci, arba'in-arba'in na sauran darussa uku. In ka raba, daƙiƙa arba'in ke nan kowace tambaya. Tun 2015 a kwamfuta ake yin ta gaba ɗaya, amma har yanzu akwai yaron da ranar jarrabawa ce ranar da ya fara zama gaban kwamfuta. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ya nemi inda zai gwada, ya saba da danna A, B, C, D, da N na zuwa gaba da P na komawa baya, ya koyi tsallake mai wuya ya dawo mata daga baya.

Yanzu ga namu, iyaye. Muna cewa yarinya ta yi karatu, amma daga dawowarta makaranta wanke-wanke ne, ɗora sanwa, rainon ƙanne, sai an yi isha'i ta samu kanta, ga gajiya ga babu wuta. Karatun da ake yi ana gyangyaɗi a gaban fitilar waya ba ya zama. Awa ɗaya da rabi bayan sallar asuba, ido a buɗe, ta fi awa huɗun dare. Namiji kuma ana tura shi kasuwa ko gona har magariba. Ban ce kada su taya aiki ba, na san halin da ake ciki, amma wanda ya biya dubban nairori na rajista ya daure ya ware wa yaro lokacin da ba mai aikensa. Waya kuma, in ba da ita ake gwajin tambayoyi ba, a ajiye ta a wani ɗakin. Kifa ta a gefen littafi yaudarar kai ce. Sannan a lura da yaron da ya yi shiru fiye da kima bayan sakamako, ya daina ci, ya daina fita cikin abokai, ko yana furta cewa rayuwarsa ba ta da amfani. Wannan ba shagwaɓa ba ce. A ja shi a jiki, a sa wanda yake jin maganarsa, kawu ko gwaggo ko malaminsa, ya zauna da shi, in abin ya ƙi a kai shi asibiti. Kwatanta shi da ɗan maƙwabci da ya ci tara ba ya ƙara masa ko maki ɗaya.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne uban da, bayan faɗuwar farko, zai sayar da buhunan masara ya kai ɗansa irin makarantun nan da ake kira mirakul senta, inda ake rubuta amsa a allo. A 2025 kaɗai WAEC ta riƙe sakamakon ɗalibai sama da 190,000 bisa zargin satar amsa. Wanda kuma ya tsira da A1 ɗinsa ta saye, JAMB na jiransa, ajin farko na jami'a ma na jiransa, inda za a kore shi bayan an kashe kuɗin da ya ninka na farko. Gara ya zo nan makarantar share fage ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke garinmu, ko ya bi ta IJMB, shirin karatun share fagen shiga jami'a, ya gyara tushensa da gaske.

Ba zan ɗora komai a kan yara da iyaye ba. Ajin da ya haura ɗalibi ɗari, malami ɗaya ba zai iya duba aikin kowa ba, kuma akwai makarantun da ake shiga jarrabawa ba a kai ƙarshen manhaja ba. Wannan magana ce ta wata wasiƙar, da hukumomi za a yi ta.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne jaridar nan ta ware ko da rabin shafi ne kowane mako, a kawo tambaya ɗaya ta Lissafi da ɗaya ta Turanci daga jarrabawowin baya, a bar yara su gwada, mako mai zuwa a kawo warwararta mataki-mataki da bayani cikin Hausa, a nuna inda maki yake. Malamai da yawa za su yi wannan aikin ba tare da an biya su ba. In kun amince, ni zan ɗauki na Lissafi na zangon farko.

Wassalam.

Naka,
Malamin Lissafi,
Funtuwa, Jihar Katsina.