Baba Alhaji, Ga Amsar Tambayarku Kan Gidauniyar 'Yan Gudu

Assalamu alaikum, Baba Alhaji. Allah ya ƙara girma.

Ranar Asabar a taron ƙungiyar unguwa, da na miƙe na roƙi a yi wa yaran nan biyu masu gudun dogon zango karo-karo, kun ɗaga sandarku kuka ce: "Malam, mutane na neman abin sawa a tukunya, kai kana neman kuɗin gudu? Wa ya koro su? Kuma wannan ba aikin gwamnati ba ne?" Aka fashe da dariya, har da ni. Kiran magariba ya katse mu ban samu na ba ku amsa ba. Tunda a bainar jama'a kuka yi tambayar, bari amsar ma ta zo a bainar jama'a.

Ba zan yaudare ku ba, Baba. Yaran nan ba za su je Legas su kayar da mutanen Kenya da Habasha ba. Tun da aka fara gudun famfalaki na Legas a 2016, kusan kowace shekara su ke kwashe na ɗaya. Gudun kilomita 42.195 ne, wato rabin hanyar Katsina zuwa Daura da ɗan ɗoriya. Marigayi Kelvin Kiptum ɗan Kenya ya cinye wannan nisa cikin 2:00:35, wato awa biyu da daƙiƙa 35, a Shikago a 2023. Mu kuwa, Abbas Mohammed ya yi 2:16:06 a 1990, aka shafe sama da shekara 30 ba wanda ya kamo shi a ƙasar nan. Don zuwa gasar Olamfik ta Faris a 2024, sai namiji ya yi 2:08:10. Ku duba ratar. Abin da muke nema ya fi wannan kusa: yaran su cika ma'aunin da hukumar guje-guje ta ƙasa, AFN, ke gindayawa kafin a bar mutum ya shiga gasar da ake zaɓen wakilan Najeriya.

To a nan gizo ke saƙar. Babban cikinsu, wanda kuke gani yana tura kurar ruwa da hantsi, ya yi mini kilomita 10 cikin minti 32 da 'yan daƙiƙu a kan hanyar Daura, bayan sallar asuba, cikin hunturun da ke fasa leɓe. Takalmin gwanjo ne a ƙafarsa, mai gyara ya ɗinke tafin sau biyu, ƙaramin yatsansa na leƙowa waje. Ni na auna nisan da mitar babur ɗina, ni na riƙe agogo. Wannan lokaci kuwa babu inda zai kai shi a karɓa. Sai an yi gudun a hanyar da masana suka auna, a gasar da hukuma ta amince da ita, da 'yar na'urar ɗaukar lokaci maƙale a lambar ƙirjinsa. Irin wannan gasa ba ta zuwa ƙofar gidanmu. Akwai ta Legas a watan Fabrairu, akwai ta kilomita 10 a Okpekpe ta jihar Edo wajen watan Mayu. Kuɗin da na roƙa, kuɗin kai yaro inda za a rubuta lokacinsa ne.

Mota zuwa da dawowa, masauki na kwana uku don ƙafa ta sake kafin ranar gudu, sai takalmi. Na zamani mai faranti a tafinsa ya ninka mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 sau da yawa, ban ma sa shi a lissafi ba. Matsakaici muke nema, ƙafa biyu kowannensu, domin mai gudun kilomita 100 a mako yakan cinye takalmi cikin wata biyu. In an samu rara, su yi wata guda a Filato. Ba banza ba mafi yawan 'yan gudun dogon zango na ƙasar nan suke fitowa daga can, musamman yankin Pankshin. Jos tana kan tudun da ya kai mita 1,200, Iten, garin da 'yan gudun Kenya ke atisaye, kusan 2,400, mu a Katsina 500 da 'yan kai. A kan tudu numfashi ba ya ƙosarwa kamar a ƙasa, sai jiki ya ƙara jinin da ke ɗaukar iska, in mutum ya sauko ya ji kamar an sauke masa kaya.

Batun gwamnati, gaskiyarku. Aikinta ne, ban kuma daina buga ƙofa ba. Amma bara wani ofis ya yi mana alkawarin mota da guziri, na yi sawu bakwai, kullum "oga ya fita". Ana jibi gasa na sayar da tunkiyar maiɗakina, da izininta, na sa ɗaya daga cikin yaran a motar dare. Ya isa Legas ƙafa a kumbure, ya kwana a kan benci a tasha, ya yi kilomita 30 jijiya ta ɗaure shi ya zauna a bakin titi. Da ya dawo kwana biyu bai iya haɗa ido da ni ba, alhali ni ya kamata in ji kunya. Shekarun ɗan gudu kuma ba su jiran a sa hannu a takarda.

Kun ce wa ya koro su. Baba, a yi mini afuwa, garin nan tun zamanin Sarki Dikko muke ciyar da dawakin folo da dawa da harawa, ban taɓa jin an tambayi wa ya koro su ba.

Na san da yunwa, a gidana ma ana auna tuwo. Kada wanda ya rage abin cefane saboda mu. Mai naira 200 ya kawo, mai kwanon wake ko ƙwai ya kawo, mai shago ya ɗauki furar yaro guda ta wata. Kuɗi ba zai bi ta hannuna ba: ma'ajin ƙungiya zai riƙe littafi, a karanta shiga da fita a kowane taro, da rasiɗi.

Asabar mai zuwa za su yi gwaji a bakin filin wasa na Muhammadu Dikko da an sallame asuba. Zan zo in ɗauke ku a babur, ku riƙe agogon da hannunku. Ku taho da bargo, akwai sanyi.

Naku,
tsohon malamin motsa jiki, Katsina