Na koya wa karena murmushi, ga abin da ya biyo baya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina rubuto maka daga Gadarif a gabashin Sudan, inda kakana ya yada zango a hanyarsa ta zuwa Makka a ƙafa, bai ƙara gaba ba, bai kuma koma Haɗeja ba. Ni tsohon malamin firamare ne, yanzu ina ɗan noman dawa da riɗi, ina kiwon awaki. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne bidiyon karnuka masu "murmushi" da yara ke ta turawa juna a waya. Na gwada abin da hannuna, kuma akwai maganar da masu bidiyon ba sa faɗa.

Karen namu sunansa Duna, baƙi ne wuluk, don gadin awaki muka ajiye shi, a bakin garke yake kwana. Na san wasu masu karatu za su yamutsa fuska. To su duba Suratul Ma'ida aya ta 4, inda aka halatta abin da dabbar farauta horarriya ta kamo, kuma hadisi ya yi rangwame kan karen kiwo da na gona da na farauta.

Jikana ne ya matsa mini. Da farko na ce shirme ne, sai na tuna Duna yana da wata ɗabi'a tun yana kwikwiyo: idan na dawo daga gona yakan tarye ni yana kaɗa jela har da ƙugu, kunnuwa a kwance, ido a lumshe, ya ɗage leɓen sama haƙoran gaba su fito, wani lokaci har da atishawa. Abin da ya rage kawai shi ne ya riƙa yi idan an ce ya yi.

Na samo sharmut, busasshen naman nan da matanmu ke shanyawa a igiya, na yayyanka shi ƙanana kamar ƙwayar gyaɗa. Ban taɓa ɗebo masa daga tukunyar miya ba, don albasa tana lalata jinin kare. Kullum bayan la'asar, kafin a ba shi abincinsa, mukan yi kamar minti biyar. Ina sosa masa gefen baki wajen gashin nan masu tsini, da leɓen ya motsa sai in ce "yauwa!" in miƙa masa nama.

Makon farko asara muka yi, laifin kuwa nawa ne. Naman yana cikin aljihun jallabiyata, kafin in lalubo shi Duna ya riga ya sauke leɓe ya zauna. Sai ya ɗauka zaman ake biya. Kwana biyar ina fama da kare mai zama da kyau kamar ɗalibi a gaban allo, baki a rufe gam. Da na gane, sai na riƙe naman a tafin hannu a bayana, "yauwa" ɗin kuma ta fito daidai lokacin da haƙori ya bayyana, ko ƙiftawar ido ban bari ba. Da ya kama wannan, sannan na shigo da kalmar "murmushi" kafin sosawar, a hankali na daina sosawar. Cikin mako uku magana kaɗai ta isa. Daga baya naman ma ba kullum ba, wani lokaci shafa kai da yabo suke wadatar da shi.

A nan kunya ta kama ni. Tun muna koyon aikin malanta a Bakht ar-Ruda an karantar da mu Pavlov ɗan Rasha da gwajinsa kan yawun karnuka, da Skinner ɗan Amurka wanda ya nuna da ɓeraye da tattabaru cewa halin da aka saka wa lada nan take shi ke maimaituwa. Na rubuta a jarrabawa, na ci, na fito na yi shekara talatin da bulala a hannu. Sai da furfura ta cika mini kai kare ya fahimtar da ni darasin. Allah Ya yafe mana.

Duna ya zama abin kallo a unguwa. Yara su taru a ƙofar gida suna ihun "murmushi, murmushi", shi kuma yana ta yi musu. Ni ma ina jin daɗi, ban kawo komai a raina ba.

Ran nan ɗan maƙwabcina, yaro ɗan shekara shida, ya bi yayarsa kasuwa. A bayan rumfar mahauta ya ga wani karen titi a kan ƙashi, ya yage baki haƙora waje. Yaro ya ce "murmushi", ya miƙa hannu. Hausawa sun ce haƙorin dariya shi ke cizo, amma wannan ko dariyar ma ba ta kasance ba. Karen ya kafa masa haƙori a tsakanin babban yatsa da manuni.

Wani mai shayi, Allah Ya saka masa, ya zaunar da yaron ya yi ta wanke ciwon da sabulu da ruwa kusan kwata na awa, kamar yadda likitoci ke cewa a yi. Sai neman allurar haukan kare. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, musamman bayan faɗuwar birnin Wad Madani a ƙarshen shekarar, Gadarif ta cika da 'yan gudun hijira, magani ya yi wuya. Ni da uban yaron mun zaga wuri uku kafin a na huɗu mu dace. A hanya bai ce mini uffan ba, shirun nan kuwa ya fi mini zagi ciwo. Ciwon haukan kare idan alamunsa suka bayyana kusan babu mai tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum wajen 59,000 a shekara, yawanci a Afirka da Asiya, kuma yara 'yan ƙasa da shekara 15 suna da kaso mai yawa a ciki. Alhamdu lillahi yaron ya kammala alluransa, sai ɗan tabo.

Kare ba ya murmushi irin namu. Abin da Duna ke yi alamar sallamawa ce, jiki a sake, jela na rawa, fuska a kwance. Mai shirin cizo jikinsa a sandare yake, ido ƙur a kanka, hanci a tattare, gashin baya a tsaye, sau da yawa da gurnani ƙasa-ƙasa. Babba yana iya bambancewa. Yaro haƙori kawai ya gani, kuma ni na koya masa cewa haƙori wasa ne.

Roƙona, Malam Edita, ku samo likitan dabbobi ya yi bayani a shafinku da Hausa, da hotunan fuskokin nan biyu gefe da gefe, iyaye su nuna wa yara a waya.

Duna na nan lafiya, mun yi masa rigakafi. Na hana yara kiran kalmar a ƙofar gidana. Shi dai har yanzu idan na dawo daga gona yakan tarye ni da haƙoransa waje, in waiga in tabbatar babu yaro kusa, sannan in ce masa "yauwa" a hankali.

Naka,
Tsohon malamin makaranta,
Gadarif, Sudan