Rahoton Ayyukan Shekara: Zaman Tallafa wa Masu Fama da Fargaba da Saƙe-saƙe a Gusau da Kewaye

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayen ƙungiya, malamanmu, ma'aikatan lafiya da ke ba mu lokacinsu kyauta, da sauran 'yan uwa maza da mata, ga bayanin abin da kwamitin gudanarwa ya yi da amanar da kuka ɗora masa a shekarar da ta ƙare. Lissafin kuɗi yana hannun ma'aji, zai karanta shi dalla-dalla ranar babban taro. Nan maganar aikin kansa za mu yi.

Babban aikinmu yana nan yadda kuka san shi: zaman mako-mako na masu fama da faɗuwar gaba, zullumi, rashin barci da saƙe-saƙen da ba ya ƙarewa. Maza daban, mata daban, mutum 8 zuwa 12 a kowane rukuni, awa biyu, mako biyar a jere. Ƙashin bayan tsarin mun aro shi ne daga shirin PM+ da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2016 domin waɗanda ba likitoci ba su iya taimakon mutanen da musiba ta shafa. Yawancin zaman a cikin Gusau aka yi su. Na Ƙaura Namoda da Talata Mafara kuwa sai ranar da hanya ta yi lafiya.

Abin da ya bambanta bana shi ne masu zuwa. Da yawansu mutanen ƙauye ne da suka baro gidajensu daga ɓangaren Maru, Anka, Zurmi da Tsafe, suna raɓe a gidajen dangi ko a kangon gini. Wanda ya kwana a daji da 'ya'yansa, ko ya sayar da gona ya biya kuɗin fansa, ba a ce masa "kwantar da hankalinka, babu komai". Akwai komai, kuma ya fi mu sani. Saboda haka muka hana masu jagorantar zama faɗin wannan kalma, muka koya musu rabon damuwa gida biyu.

Ga yadda ake yi. Ana ajiye faifai biyu a tsakiyar tabarma da ƙoƙon wake. Mai jagora takan ce, "Inna, me da me ke hana ku barci? Kowanne ku ɗauki ƙwaya ɗaya." Sai a tambayi kowace ƙwaya: akwai abin da za a iya yi a kanta cikin wannan makon? In akwai, faifan dama. In babu, na hagu. Kuɗin haya, yaron da bai koma makaranta ba, saɓani da matar gidan da aka sauka, duk na dama ne. "Ko za su dawo", "da ban aike shi gona ranar ba", waɗannan na hagu ne. Wanda ke rubutu yana iya yi a takarda, amma mun ga waken ya fi shiga ran mutane, har da 'yan boko.

Daga faifan dama ƙwaya ɗaya tak ake ɗauka, kuma mafi sauƙi. Mai damuwar ce za ta lissafo hanyoyin da take gani, ko da wasu sun yi kama da shirme, ta zaɓi ɗaya, ta faɗi ranar da za ta yi, da wurin, da wanda zai raka ta. Mako mai zuwa da wannan ake buɗe zama. Wuri biyu aikin ke lalacewa. Na farko, a fara da babbar matsala, kamar komawa gida: mako ya zagayo ba abin da ya motsa, sai mutum ya ƙara gaskata cewa shi ba ya iya komai. Na biyu, mai jagora ya yi saurin kawo mafita don tausayi. Shawarar da aka ba mutum a baki ba kasafai yake aikata ta ba, wadda ya fito da ita da kansa ita ce ke kai shi ƙofar shugaban makaranta.

Faifan hagu ana ware masa lokacinsa: minti 15 zuwa 20 kullum, bayan La'asar, a wuri ɗaya da ba shimfiɗar barci ba. Idan tunanin ya taso da hantsi, mutum ya ce a ransa "na ji, sai La'asar", ya koma kan abin da hannunsa ke yi. Ba korar tunanin ake yi ba, don wanda aka kora da ƙarfi dawowa yake da ƙarfi. Wasu sun mayar da lokacin bayan Isha'i saboda gida ya fi yin shiru, sai suka dawo suna cewa "ban iya kwana". A bar shi da rana.

Numfashi shi ne darasin zaman farko. Hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a ciki. A shaƙa ta hanci ana ƙirga 4, a saki a hankali ana ƙirga 6, cikin ne zai riƙa tashi ba ƙirjin ba. Wannan yana ba da kusan numfashi shida a minti. Minti biyar bayan Asuba, minti biyar kafin kwanciya. Masu cewa ya sa su jiri ko yatsunsu sun yi tsami, da an duba za a tarar suna zuƙar iska da yawa da sauri, iskar kabon da ke cikin jini ta ragu fiye da kima. Maganinsa a rage girman numfashin, a tsawaita fitarwa. Masu cewa bai yi musu aiki ba kuwa galibi sai firgita ta zo suke tunawa da shi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ita firgitar, wadda zuciya ke dukan uku-uku, gumi ya keto, mutum ya ji kamar ransa zai fita, takan kai ƙololuwa cikin kamar minti goma sannan ta fara sauka. Mun koya wa iyalai kada a taru a kansa, kada a kwara masa ruwa, kada a yi ta salati da ƙarfi. Mutum ɗaya ya zauna kusa da shi, ya yi numfashin tare da shi da murya ƙasa-ƙasa. Amma ciwon ƙirji na farko, musamman ga mai shekaru ko mai hawan jini ko ciwon suga, ba namu ba ne mu ce fargaba ce. A kai shi asibiti nan take.

Kan mummunan zato ga kai, tambaya uku muke aiki da su: me ya tabbatar da wannan tunanin, me ya ƙaryata shi, kuma da amininka ne ya faɗi haka game da kansa me za ka ce masa? Ta ukun ce ta fi buɗe baki. Musu ba ya amfani. In ka ce wa mutum "ai kana da amfani", hujja goma zai kawo maka. Sai dai akwai maganar da ba a wucewa. Duk wanda ya ce "na zama nauyi" ko "gara a huta da ni", mai jagora zai ja shi gefe ya tambaye shi kai tsaye: "Malam, tunanin kashe kanka yana zo maka?" Tambayar ba ta cusa wa kowa wannan tunani. In ya ce eh, ba a barinsa shi kaɗai, a sanar da wani babba da ya yarda da shi, a kwashe fiya-fiya da sauran maganin ƙwari da ƙwayoyi daga ɗakin, a kai shi wurin likita a ranar.

Haka nan muke tura wanda ya yi mako biyu cur ba ya jin daɗin komai, da wanda fargaba ta hana shi sana'a wata da watanni, da mai jin muryoyi, da mai jegon da ta daina ci ko kula da jariri. Matakin farko gwaji ne a Gusau, a asibitin tarayya ko na Yariman Bakura, domin ƙarancin jini, faɗuwar suga da yawan aikin ƙullin wuya mai kawo maƙoƙo duk suna sa bugun zuciya da kyarma. Wanda ke buƙatar ƙwararru ana raka shi asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a Jihar Sakkwato, tafiyar sama da kilomita 200. Kuɗin motar nan shi ya fi cin asusunmu, za ku gani a takardar ma'aji.

Maganin likita na damuwa yakan ɗauki mako biyu zuwa shida kafin a ji amfaninsa, kuma kwanakin farko yana iya kawo tashin zuciya ko kasala. A nan mutane ke watsar da shi. Yanzu duk wanda aka ɗora a kan magani muna haɗa shi da ɗan ƙungiya da zai riƙa leƙa shi kowane mako, ya tuna masa ba a yanke shi rana ɗaya sai da sanin likita. Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne diyazafam da taramol da ake saya a kemis ba takarda. Barcin daren farko suke bayarwa, bayan 'yan makonni jiki ya saba, fargabar ta dawo ta ninka. Goro, kofi da shayi mai kauri ma a tsayar da su daga La'asar. Dattawa ba sa son jin wannan, amma masu gwadawa suna dawowa da labari mai daɗi.

Ranar 10 ga Oktoba, ranar lafiyar ƙwaƙwalwa ta duniya, mun zauna da limamai da malaman Islamiyya. Mun nuna musu ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya cewa mutum miliyan 301 ne ke fama da ciwon fargaba a duniya a 2019, da dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Najeriya da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar ta 1958. Roƙonmu ɗaya ne: mai damuwa in aka ce masa "ka dogara ga Allah" aka tsaya nan, abin da yake ji shi ne imaninsa ne ya yi rauni, sai ya ƙara wata damuwar a kan ta da. Malaman da kansu suka tuna mana cewa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, yana neman tsarin Allah daga damuwa da baƙin ciki a addu'arsa. An rabu a kan addu'a da magani su tafi tare.

A zaurenmu na WhatsApp an kafa doka: ba a tura hoton gawa ko bidiyon hari, mai kula da zauren zai goge. Muna ba da shawarar sauraron labarai sau biyu a rana, waya kuma ta kwana nesa da matashin kai. Mai iyali a ƙauye ya tsayar da mutum ɗaya amintacce da zai kira shi in wani abu ya faru, maimakon bin jita-jitar kowane zaure har tsakar dare.

Akwai inda har yanzu muke baya. Da damina da kaka maza suna yanke zuwa a mako na uku. Wasu matan sai mun je mun nemi izinin maigida, kuma ba kullum ake samu ba. Matasa ba su cika zuwa ba sai abin ya kai ga shaye-shaye. Masu jagora su ma labaran da suke ji suna bin su gida, shi ya sa muka sa musu zama na musamman sau ɗaya a wata da ma'aikaciyar jinya, kuma ba a ba kowa fiye da rukuni biyu a lokaci guda.

Shekara mai zuwa kwamiti na neman amincewarku kan abu biyu: mayar da zaman maza na damina zuwa yammacin Juma'a, da ware kaso na kuɗin wata-wata domin motar Kware kaɗai. Muna kuma buƙatar ƙarin mata masu jagora, musamman masu jin Fulatanci. Sharaɗin shi ne riƙe sirri da iya sauraro ba tare da katse mai magana ba; karatun boko ba dole ba ne. Mai sha'awa ta ba sakatare sunanta kafin ranar babban taro.

Wassalam.
Kwamitin Gudanarwa